Idan kwamfutar jirgi na iya jure lalacewa, me ya sa matuƙa ke ruɗewa ranar da ta sakar musu tuƙi?

Dalibin_Sama:
Assalamu alaikum manyanmu. Akwai abin da ke ta cin raina tun da muka fara darasin tuƙi ta waya a aji, wato tsarin da umarnin matuƙi ke bi ta kwamfuta kafin ya isa fikafikai da jela. Malaminmu ya ce a jirgi irin A320 kwamfutocin da ke kula da tuƙi bakwai ne, ELAC biyu, SEC uku, FAC biyu, in ɗaya ta mutu wata ta karɓa nan take, haidirolik ma layi uku ne, kore da shuɗi da rawaya. To in haka ne wai me ya sa duk rahoton hatsarin da na ɗauka sai in tarar wata 'yar ƙaramar na'ura ce ta fara lalacewa, jirgin lafiyarsa lau injina na aiki fikafikai ba abin da ya same su, amma matuƙa suka ruɗe har aka rasa rayuka? Ni dai a ganina wannan jure lalacewar da ake ta yabo ita ce ke sa matuƙi ya saki jiki, ranar da kwamfuta ta gaza sai ta same shi bai shirya ba. Don Allah waɗanda suka sani ku warware min.

Fiffike_320:
Wa alaikumus salam ƙanina. Tambayarka ta yi amma akwai gyara kaɗan. In ELAC ɗaya ta mutu ba a ɓoye mana, saƙo na fitowa a allon ECAM, wanda ke nuna wa matuƙa lafiyar na'urorin jirgi, kuma akwai matakan da za ka bi. Abin da ba ka ji shi ne a hannu, sandar gefe, wato sandar tuƙin da ke gefen matuƙi, tana nan yadda take. Matsalar ba a mutuwar kwamfuta ɗaya take ba, tana wajen bayanan da ake ba kwamfutocin. In sensoshin gudu suka saɓa wa juna kwamfuta ba ta san wa za ta gaskata ba, sai ta sauka daga cikakken tsari zuwa tsari na biyu, wato mafi yawan kariyar da ke hana ka wuce iyaka ta fita. A cikakken tsari ko ka ja sanda har ƙarshe jirgin ba zai bari ka kai shi sitol ba, wato inda fiffike ke daina ɗaukar jirgi, ba zai kwanta gefe fiye da digiri 67 ba. A tsari na biyu kuwa in ka ja zai bi ka har inda ka kai shi.

InjiniyaWaya:
Ƙari a kan na Yallaɓai Fiffike. Yadda ake gina su kowace kwamfuta a ciki kashi biyu ce, ɗaya na ba da umarni ɗaya na sa mata ido, kuma manhajarsu ba iri ɗaya ba ce da gangan don kada kuskure ɗaya ya kama su tare. In suka saɓa sai kwamfutar ta cire kanta daga aiki. Boeing 777 kuma manyan kwamfutoci uku ne kowace da layi uku a ciki, ƙwaƙwalwar layukan daga kamfanoni daban daban, Intel da Motorola da AMD. Ma'aunin da ake bi wajen ba da lasisi shi ne lalacewar da za ta iya halaka jirgi kada yiwuwarta ta wuce ɗaya cikin biliyan a kowace awa ta tashi. To amma ka lura wannan lissafin na ƙarfe ne da waya. Da aka zo kan mutum sai a rubuta zato, a ce matuƙi zai gane matsalar ya ɗauki mataki cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan zaton shi ne inda ake yawan samun ɓaraka.

TsohonKyaftin:
Yarona Dalibin_Sama, je ka nemi rahoton Air France 447 ka karanta a tsanake, duk abin da kake tambaya yana ciki. 1 ga Yuni 2009, A330 daga Riyo zuwa Faris, mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya fita, jirgi ya koma tsari na biyu. Bayanan gudun ba su kai minti ɗaya a lalace ba suka dawo. Da an riƙe hanci yadda yake an bar totur yadda yake da shi ke nan. Amma wanda ke tuƙi ya ja sanda baya jirgi ya hau daga ƙafa 35,000 zuwa kusan 38,000 har fiffike ya daina ɗaukarsa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙararrawar sitol. Da gudun da aka auna ya faɗi ƙasa da not 60 (not ma'aunin gudun jirgi ne) kwamfuta ta ɗauka bayanan kusurwar da iska ke bugun fiffike ba su da inganci sai ta yi shiru, da aka ɗan tura hanci ƙasa, wanda shi ne daidai, gudu ya ƙaru bayanai suka dawo sai ƙararrawa ta sake tashi. Ka duba fa, mutum ya yi abin da ya dace jirgi ya yi masa ihu, ya yi akasin haka jirgi ya yi shiru, cikin dare a saman teku babu abin da ido ke gani a waje. Minti huɗu da 'yan kai ne tsakanin fitar otofailot da faɗawa ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Gajimare9:
Amin. Amma Kyaftin kada mu wanke matuƙan gaba ɗaya. Ƙararrawar nan ta yi kusan daƙiƙa 54 tana bugawa ba tsayawa kafin ma a zo wannan wurin da take ɗaukewa, kuma babu wanda ya ambaci sitol a cikinsu.

TsohonKyaftin:
Ban wanke kowa ba Malam Gajimare. Tambayar da nake so mu yi ita ce me ya sa mutum mai lasisi da awoyi dubbai zai ji wannan ƙarar bai gaskata ta ba. Shekaru ana gaya masa jirgin nan ba ya sitol, kuma gaskiya ne a cikakken tsari, sai dare ɗaya maganar ta daina zama gaskiya kuma abin da ya sanar da shi layi ɗaya ne a allo cikin tarin saƙonni. Na zauna a kujerar mai horaswa a simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, shekaru, na ga abin da ido. Akwai wani mataimakin matuƙi, yaro mai ƙoƙari wallahi, na toshe masa bututun gudu muna sama, ƙarar fitar otofailot na tashi na ga kafaɗunsa sun ɗage, yatsunsa sun damƙe sanda har farcensa ya yi fari, ya ja baya kaɗan shi kansa bai sani ba. Da muka tsaya na nuna masa a rikodin ya rantse bai ja ba. Jiki ne ke yi kafin tunani ya iso. Sai da muka maimaita sau uku kafin ya koyi ya sassauta hannu ya kalli hanci da totur tukuna.

UmmuHanan:
Ni fasinja ce kawai amma ina bin zauren nan saboda ɗana na son wannan karatun. Gaskiya kuna tsorata ni. Wato muna zaune a baya jirgi na iya ƙin bin umarnin matuƙi?

Fiffike_320:
Hajiya ki kwantar da hankalinki. Waɗannan da muke lissafawa 'yan ƙalilan ne cikin tashi miliyoyi, kuma sau nawa kariyar ta ceci mutane ba wanda ya ji labari saboda ba abin da ya faru. Ki tuna jirgin da ya sauka a kogin Hudson a Janairun 2009, A320 ne, tsuntsaye suka kashe injina biyu, Kyaftin Sullenberger ya yi saurin kunna ƙaramin injin wuta na baya don haka kwamfutoci suka zauna a cikakken tsari, kariya ta hana jirgin sitol har ya taɓa ruwa, duk mutum 155 suka fita da rai. A nan mutum da na'ura ne suka haɗa hannu.

Bakanike_Hanga:
Bari in kawo ta ɓangarenmu mu masu gyara. Maganar ɓoye lalacewa da Dalibin_Sama ya yi akwai ta fa, ko da Yallaɓai Fiffike ya ce ana sanar da su. Akwai na'urorin da aka gina su don su ci gaba da aiki da ɓangaren da ya mutu a ciki, matuƙi ba ya ganin komai, mu kaɗai ke ganin saƙo a shafin gyara kuma doka ba ta tilasta a canza nan take ba. Misali 777 na Malesiya da ya tashi daga Perth a Agustan 2005. Na'urar da ke auna motsin jirgin, ɗaya daga sensoshin cikinta ya lalace tun 2001 ta ware shi ta ci gaba da aiki shekara huɗu, da na biyu ya lalace sai kuskuren manhaja ya sa ta koma amfani da wancan na farkon mai ba da ƙarya. Jirgi ya ɗaga hanci da kansa, matuƙa na ganin gargaɗin gudu ya yi yawa da na sitol lokaci guda. Sun dawo sun sauka lafiya amma ka ga abin da aka binne shekara huɗu ya tashi rana ɗaya.
Ni kaina na taɓa aiki a wani kamfani inda saƙo irin wannan ya yi ta dawowa a jirgi ɗaya, a goge ya dawo a goge ya dawo, kowa na cewa ai akwai madadi. Na yi ta rubutawa har aka gaji da ni aka canza akwatin. Madadi in ka cinye shi ai ba sauran madadi.

MaiLantarki77:
Tambaya, ba ƙuri'a suke yi ba? Na ji an ce sensa uku ake sawa in ɗaya ya saɓa sai biyun su rinjaye shi. To ta yaya ƙarya ke wucewa?

InjiniyaWaya:
@MaiLantarki77 ƙuri'a na aiki ne in maƙaryacin ɗaya ne. In biyu suka lalace iri ɗaya a lokaci ɗaya sai su kori mai gaskiyar. Ya faru da A321 na Lufthansa da ya tashi daga Bilbao a Nuwamban 2014, sensoshin kusurwar iska biyu suka daskare a wuri ɗaya, kwamfuta ta watsar da na ukun da ke daidai, ta ɗauka jirgi zai yi sitol ta tura hanci ƙasa, suka yi asarar kusan ƙafa 4,000 kyaftin na jan sanda baya. Sai da suka kashe na'urar bayanan iska da hannunsu don a tilasta jirgin ya sauka tsari na biyu sannan ya bi umarninsu, suka ƙarasa Munich. Wato a wannan ranar kariyar ce matsalar, maganin shi ne a cire ta. Kafin nan a 2008 kusa da Perpignan a Faransa wani A320 da ake gwadawa, ruwan wanki ya shiga sensoshi biyu ya daskare a sama, mutum 7 suka rasu.
Qantas 72 kuma wani salo ne, Oktoban 2008, na'ura ɗaya ce kawai ke jefo lambobin ƙarya jifa jifa, manhajar na da dabarar riƙe tsohuwar lamba na daƙiƙa 1.2 in ta ga tsalle, sai aka yi rashin sa'a wani tsallen ya faɗo daidai ƙarshen wannan lokacin ya wuce. Jirgi ya dunƙura sau biyu mutum fiye da 100 suka ji rauni.

Totur_Full:
Shi ya sa ni Boeing nake so. Sitiyari na gabanka, abokin aikinka ya ja kana gani kana ji a hannunka, kuma kwamfuta ba ta hana ka sai dai ta sa sitiyarin ya yi nauyi in ka matsa ka wuce. A 447 ai wanda ke hagu bai san na dama na ta ja ba saboda sandunan ba a haɗe suke ba.

Fiffike_320:
Malam Totur kada mu mayar da zancen gardamar kamfani. Gaskiya ne sandunanmu ba sa motsi tare, in mutum biyu suka taɓa lokaci guda kwamfuta haɗa umarnin take yi sai murya ta yi gargaɗi, kuma na yarda wannan rauni ne, shi ya sa sabbin Gulfstream irin G500 suka zo da sandunan gefe masu motsi tare. Amma MCAS fa, manhajar nan mai tura hancin jirgi ƙasa da kanta, a wane jirgi yake? 737 MAX, sitiyari na nan a haɗe, sensa ɗaya tak aka ɗora wa tsarin, ba a sa shi a littafin matuƙa ba, ya yi ta tura hanci ƙasa. Lion Air a Oktoban 2018 mutum 189 suka rasu, Ethiopian a Maris 2019 mutum 157. Kuma hatsarin Asiana 214 a San Francisco 2013 ai 777 ne, sun ɗauka totur mai sarrafa kansa na riƙe musu gudu alhali ya shiga yanayin da ba ya yin komai.

InjiniyaWaya:
MCAS ma shi ne misalin zaton da na faɗa a sama. An ɗauka in ya yi kuskure matuƙi zai gane kamar tirim ne, wato na'urar da ke daidaita hancin jirgi ta jela, ya gudu ya kashe shi da sauri, wato matuƙin aka mayar madadin sensa na biyu ba tare da an gaya masa ba. Ba a lissafa cewa sensa ɗayan nan in ya lalace zai tada girgizar sitiyari da gargaɗin saɓanin gudu da na tsayi duk lokaci guda ba. Hukumar NTSB mai binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta fito a 2019 ta ce a sake duba irin wannan zato. Kuma jirgin Lion ɗin nan washegarin ranar da wasu matuƙa suka sha da ƙyar da matsala iri ɗaya ya faɗi, a waccan tafiyar akwai matuƙi na uku zaune a kujerar baya da ya ba da shawarar a kashe tirim ɗin lantarki.

TsohonKyaftin:
Wannan matuƙi na ukun ku riƙe shi da kyau. Hannunsa ba ya kan komai shi ya sa kansa ya samu sararin tunani. Haka Qantas 32 a Nuwamban 2010, A380 injinsa na biyu ya tarwatse bayan tashi daga Singafo ya yanke wayoyi da bututu, matuƙa biyar ne a gaba ranar, saƙonnin ECAM suka yi ta zuwa sai da suka kwashe kusan minti 50 suna bin su. Daga baya Kyaftin de Crespigny ya juya tunanin, maimakon lissafa abin da ya mutu suka koma lissafa abin da ya rage yana aiki, ya gwada yadda jirgin ke amsa sanda tun suna sama kafin ya doshi titin sauka. Mutum 469 ba wanda ya rasu. Jirgin ya jure, ba shakka, amma allon bai gaya musu wane irin jirgi ya rage a hannunsu ba, su suka gano.

Dalibin_Sama:
Na gode ƙwarai manyana. To in na fahimta kenan ba yawan kwamfutoci ne matsalar ba, yadda ake miƙa wa mutum tuƙin ne. Amma ina da wata, me zai hana a yi tsarin da ba zai taɓa sakin tuƙi ba ko me ya lalace, ya sake tsara kansa kawai?

Gajimare9:
An gwada wani abu kusa da haka. Bayan United 232 a 1989, DC-10 da ya rasa layukan haidirolik duka uku matuƙa suka kai shi Sioux City da totur kaɗai mutum 184 cikin 296 suka tsira, NASA ta yi tsarin da kwamfuta ke tuƙa jirgi da ƙarfin injina kawai, har suka saukar da MD-11 da shi a 1995. Bai shiga jiragen fasinja ba. A 2003 ma A300 na DHL da aka harba a Bagadaza da hannu matuƙan suka yi wannan aikin suka sauka.

InjiniyaWaya:
Kuma tsarin da ke sake tsara kansa na da tasa wahalar ƙanina. In fiffike ya lalace kwamfuta ta rufe gurbin har matuƙi na jin jirgi kamar lafiya lau, zai iya neman juyin da jirgin ba shi da sauran ƙarfin yi. Ga kuma abin da ake kira rigimar masu gyara biyu, mutum na koyon sabon halin jirgin yana daidaita hannunsa ita ma kwamfuta na canza halin a lokaci guda, sai su yi ta bin juna jirgi ya shiga lilo. Ni ra'ayina in za ta rufe gurbi to ta faɗa a fili cikin kalmomi kaɗan, ga abin da na rasa, ga iyakar da ta rage maka.

Fiffike_320:
Injiniya a nan kam ban bi ka gaba ɗaya ba. Kowane ƙarin saƙo ƙarin nauyi ne a lokacin da kai ya riga ya cika. Mu abin da aka koya mana tuƙa jirgi tukuna, sannan hanya, sannan magana. Akwai lalacewar da gara a bar ni da ita sai na sauka. Kuma sanin abu da yawa ma na iya sa mutum ya taɓa abin da bai kamata ba, AirAsia 8501 a Disamban 2014 gargaɗi ɗaya ne ya yi ta dawowa saboda tsagewar dalma a wata na'urar jela, aka taɓa makunnan yanke wutar kwamfutocin FAC ana sama don a sake tada su, kariya ta fita otofailot ya fita, mutum 162 suka rasu. Da an bi ceklis, wato jerin matakan da aka rubuta, an haƙura da ƙarar jirgin zai kai su.

Bakanike_Hanga:
Wannan ɗin ma ai gargaɗin ya daɗe yana dawowa a jirgin kafin ranar, abin da nake faɗa kenan tun ɗazu. Mu ne ya kamata mu kashe maganar a ƙasa.

UmmuHanan:
Na ɗan samu natsuwa, Allah ya saka. Zan nuna wa yaron wannan zaren ya karanta.

TsohonKyaftin:
Madalla Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Ni dai kan maganar Injiniya da Fiffike ina tsakiya, ba yawan saƙo nake so ba, guda ɗaya nake so babba da ba zai ɓace cikin sauran ba, cewa kariya ta fita jirgi na hannunka. Sauran su jira. Dalibin_Sama in kun shiga simuleta ka roƙi malaminka ya sa maka tsari na biyu a ƙafa 35,000 ba a ƙasa ba, don a can iska ba ta da kauri tazarar da ke tsakanin gudu ya yi yawa da ya yi kaɗan ƙarama ce, motsin yatsa kaɗan na isa. Ka haddace hanci digiri nawa da totur kashi nawa ke riƙe jirginku a miƙe in duk lambobin gudu sun ɓace.

Dalibin_Sama:
In sha Allah Kyaftin, mako mai zuwa ne zamanmu na farko zan tambaye shi. @InjiniyaWaya don Allah in ka samu lokaci ka ƙara min bayani kan lilon nan da ka ce, shin a tsarin kai tsaye, inda jirgi ke bin sanda ba gyaran kwamfuta, ma yana faruwa ko sai inda kwamfuta ke gyara da kanta?